Sautin kurmin Biyalowiyeza: a goge ƙarar katanga ko a bar ta?

Abdul-Razak, Nima

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina son mu tattauna wata sana'a da ta yi maƙwabtaka da tawa ta haɗa sauti a situdiyo, sai dai ita ba waƙa ake naɗa a cikinta ba. Masu yin ta sukan ɗauki na'urar naɗar sauti da makirufo su shiga kurmi su kwana, su naɗo kukan tsuntsayen asuba, da wucewar iska a cikin ganye, da karyewar reshe, da takun dabba a kan busasshen ganye, sannan su dawo su tsara abin da suka samo ya zama aikin da ake saurara a ɗaki mai lasifikoki ta kowace kusurwa. Babu mawaƙi, babu makaɗi. Gwanintar tana wurin zaɓen inda za a kafa makirufo, da sa'ar da za a kunna shi, da abin da za a bari ko a yanke.

Kurmin da ya sa na kawo maganar shi ne Biyalowiyeza, wanda iyakar Poland da Belarus ta raba biyu. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,500, kuma shi ne mafi girma a cikin abin da ya saura na tsohon kurmin da ya taɓa rufe filayen Turai. Masu naɗar sauti suna ƙaunarsa ƙwarai, cikinsu har da Izabela Dłużyk, 'yar Poland wadda aka haifa makauniya, take gane tsuntsaye da kukansu, har BBC ta yi shiri da ita a cikinsa. To amma a 2022 gwamnatin Poland ta gama gina katangar ƙarfe mai tsayin mita 5.5 da tsawon kilomita 186 a kan iyakar, kuma wani yanki nata ya ratsa ta tsakiyar kurmin. Duk wanda ya kafa makirufo kusa da wurin a yau, tare da tsuntsaye zai kwaso ƙarar motar sintiri, da jirgi marar matuƙi, da haushin karnukan masu gadi.

A kwamfuta ina iya goge yawancin waɗannan ƙararraki ba tare da kunne ya lura ba. Ra'ayina shi ne bai kamata a goge su ba, domin wanda ya goge su ya miƙa wa mai sauraro wani kurmi da babu shi yanzu a doron ƙasa, alhali ya rubuta sunan kurmi na gaske a kan aikin. Ina neman ra'ayinku, saboda ina da niyyar yin irin wannan aiki a nan Ghana.

Hajiya Rabi, Madina

Wa alaikumus salam. Abdul-Razak ɗana, na koyar da ilimin ƙasa shekaru da yawa kafin in yi ritaya, saboda haka bari in fara shimfiɗa wa zaure tarihin wurin, don a san abin da ake jayayya a kansa.

Dalilin da ya sa kurmin ya tsira shi ne sarakuna sun keɓe shi don farautarsu, tun daga sarakunan Poland da Lithuania har zuwa sarakunan Rasha, talaka bai isa ya sare shi ya yi gona ba. Abin da suke farauta shi ne ɓaunar Turai, dabba mafi nauyi da ke yawo a ƙasar nahiyar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kusa ƙarar da ita, ta ƙarshe da ke yawo a kurmin ta mutu a 1919, sai da aka tattaro 'yan tsirarun da suka rage a gidajen namun daji aka yi kiwonsu, aka fara sakin su a 1952. UNESCO ta sa ɓangaren Poland a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979, ta haɗa da na Belarus a 1992. Katangar 2022 kuwa ba ita ce shinge na farko ba, domin tun 1981 Tarayyar Sobiyet ta ja shingen waya a nata gefen, wanda ya raba garken ɓaunar gida biyu.

Game da tambayarka, na yarda da rabinta. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a sha'anin kurmi akwai inda ji yake gaban gani. Wani Ba'amurke mai suna Bernie Krause ya naɗi sautin wani wuri a tsaunukan Kalifoniya a 1988, kafin wani kamfani ya sare zaɓaɓɓun itatuwa a ciki da alkawarin cewa ba za a yi wa wurin lahani ba. Da ya koma bayan shekara guda, a hoto wurin yana nan kamar yadda yake, amma a faifai yawancin kukan tsuntsayen ya ɓace. Wannan ya nuna faifai shaida ne, kuma shaida ba a yi masa kwaskwarima. Inda na rabu da kai shi ne, idan kowane mai naɗar sauti ya nufi katanga da makirufonsa, wa zai naɗo mana tsakiyar kurmin, inda har yanzu mutum yake iya jin tsuntsaye masu ƙwanƙwasar itace da baki, da kukan kyarkeci da dare? Wancan ma gaskiya ne, kuma shi ne ma'aunin da za a gwada asarar da shi nan gaba.

Alhaji Ɗanjuma, Aboabo, Kumasi

Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗan kasuwa ne, goro na gada, katako kuma na yi harkarsa a ƙuruciya. A wurinmu, dillalin da ya jera goro mai kyau a saman huhu ya ɓoye mai tsutsa a ƙasa ya yi algus, ko da kowane goron da ke sama na gaske ne. Saboda haka na fahimci yaron nan sarai, kuma ina tare da shi a kan kada a goge.

Tambayata dabam ce. Na ji an ce kafin rikicin katanga an yi na sare itace a wannan kurmi. Idan mai fasaha ya sa ƙarar zarton inji a cikin aikinsa, yakan sa ta ne don mai sauraro ya ji tsoro ko baƙin ciki. Amma mai riƙe da zarton magidanci ne, kuma a kunnen 'ya'yansa wannan ƙarar ita ce kuɗin makaranta. Masu makirufo daga birni suke zuwa, su kwana kaɗan su koma. Shin akwai wanda yake tambayar mutanen ƙauyukan gefen kurmin yadda suke jin wannan ƙarar?

Hajiya Rabi, Madina

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne. Wani ƙwaro mai huda ɓawon itace ya yaɗu a kurmin yana kashe wani nau'in dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. A 2016 ministan muhalli na Poland, Jan Szyszko, ya ninka har sau uku adadin itacen da aka yarda a sare a wani yanki na kurmin, da hujjar cewa ta haka za a tsayar da ƙwaron. Masana da yawa suka ce a'a, mataccen itace a irin wannan kurmi ba shara ba ne, shi ne gidan dubban ƙwari da naman kaza da tsuntsaye, kuma ƙwaron yakan zo ya wuce tun kafin a san ma'aikatar gandun daji. Matasa suka riƙa ɗaure kansu a jikin injunan sara. Maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a ƙarshen 2017 ta yi barazanar tarar Yuro 100,000 a kowace rana, sannan a watan Afrilun 2018 ta yanke hukuncin cewa Poland ta karya dokar kare muhalli. Mutanen yankin kuwa sun rabu, domin wasu da katako suke ci, wasu da baƙi masu zuwa kallon ɓauna.

Abin da zai ba Abdul-Razak sha'awa shi ne, shi kansa ƙwaron yana da sauti. Wani mai fasaha, David Dunn, ya ƙera ƙananan makirufo da ake cusawa a ƙarƙashin ɓawon itace, ya naɗo ƙarar danginsa suna cin itatuwa a jihar New Mexico. Wanda ya saurari wannan zai gane cewa itacen da ido yake gani a matsayin matacce cike yake da motsi.

Yahaya, Mamobi

Ina gaida iyaye. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Na bi hanyar hamada zuwa Libya, na zauna a ɓoye a wuraren da numfashi mai ƙarfi ma yana iya jawo wa mutum kamu, kafin Allah ya dawo da ni gida. Kuna maganar tsuntsaye da zarto da katanga, amma ba a gina katangar don ɓauna ba. An gina ta ne saboda mutane. Tun daga 2021 dubban mutane daga Iraƙi, Siriya, Afghanistan, Yaman, Somaliya, Habasha, Kongo da Kamaru suka bi ta Belarus suna neman shiga Tarayyar Turai. Turai ta zargi gwamnatin Lukashenko, shugaban Belarus, da jawo su da biza tana tura su kan iyaka da gangan, masu gadin Poland kuma suna mayar da su baya, sai mutum ya maƙale a cikin fadama da sanyin da ruwa yake daskarewa, gaba babu hanya, baya babu hanya. Mutane da dama sun mutu a wannan iyaka.

Yaya Abdul-Razak, ga abin da nake tsoro a ra'ayinka. Idan ƙa'idar ita ce kada a goge komai, to ranar da makirufonka da ka bari a gindin itace ya kwaso muryar wata mata tana rarrashin ɗanta da dare, ko wani yana kiran sunan Allah da harshen garinsu, me za ka yi da ita? Za ka kai ta wani zaure a Berlin, mutane su biya kuɗin shiga su zauna a kujera mai laushi su saurari tsoronta, su fito suna yabon gwanintarka? Ita ba ta san ana naɗa ba. Bayan haka, faifai yana ɗauke da rana da sa'a da wuri da harshe, kuma waɗannan su ne ainihin abin da mai neman kama ta yake bukata. Da a ce wani ya naɗi muryata a inda na ɓuya ya mayar da ita abin saurare, da ban yafe masa ba.

Malam Shu'aibu, Sabon Zongo

Yahaya, Allah ya saka maka da alheri, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Maganarka tana da tushe a addini. An hana mu binciken asirin mutane da leƙen abin da suka ɓoye, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurat, kuma muryar wanda yake cikin tsoro bai san ana jin sa ba amana ce a hannun wanda ya ji ta. Sauraron kurmi shi kansa ban ga aibinsa ba, hasali ma Suratun Nur ta gaya mana cewa tsuntsaye suna tasbihi, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa, don haka wanda ya zauna ya kasa kunne ga halitta yana kusa da tunani a kan Mahalicci.

Akwai abin da nake son zaure ya sani. A arewacin wannan kurmi, cikin lardi guda, akwai ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suke zaune tun 1679, lokacin da Sarki Jan Sobieski ya ba kakanninsu ƙasa a madadin albashin aikin soja. Masallatansu na katako ne. Daga watan Nuwamban 2021 mutanen Bohoniki suka fara karɓar gawarwakin baƙin da suka mutu a iyaka, suna yi musu salla suna binne su a maƙabartarsu, har da waɗanda ba a san sunansu ba. Idan mai fasaha yana son mai sauraro ya san an yi mutuwa a yankin, ga mutanen da zai iya zuwa wurinsu da rana tsaka, ya yi sallama, ya nemi izini, su yi magana da bakinsu idan sun ga dama. Wannan ya fi satar muryar wanda ba shi da ikon cewa a'a.

Abdul-Razak, Nima

Malam, na gode. Yahaya ƙanena, abin da ka faɗa ya shiga cikin ƙa'idar, kuma ga yadda nake ganin iyakarta. Ƙarar mota, da jirgi, da janareta, da ƙarar ƙarfen katanga idan iska ta buge shi, duk sautin hukuma ne, ita ta kawo su kurmin da ƙarfinta, ba ta da haƙƙin a ɓoye mata su. Muryar mutumin da yake ɓoye kuwa tasa ce, ba ta shiga aiki sai da yardarsa, kuma idan ta faɗo cikin faifai ba da niyya ba, cire ta wajibi ne. Abin da ya rage a kan mai aikin shi ne ya rubuta a bayanin aikinsa cewa ya cire muryoyin mutane, don kada shirun da ya bari ya zama ƙarya.

Wani abu kuma da ya ƙara mini nauyin wannan sana'a: a watan Satumban 2021 Poland ta kafa dokar ta-ɓaci a wani zirin ƙasa mai faɗin kimanin kilomita 3 a bakin iyakar, wanda ya haɗa da garuruwa da ƙauyuka 183, aka hana 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji shiga, kuma ƙauyen Biyalowiyeza yana ciki. A 2024 an sake taƙaita shiga wani yanki bayan an soki wani sojan Poland da wuƙa ta tsakanin ƙarafan katangar, ya rasu. Wurin da ake rufewa a buɗe haka, duk faifan da aka samo daga cikinsa da rana da wuri a rubuce yana da daraja fiye da ta nishaɗi.

Zainab, Legon

Ina gaida iyayena. Ina karatun kimiyyar muhalli, kuma ina son in jawo maganar gida, tunda Yaya Abdul-Razak ya ce a nan zai yi aikin. Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Accra. Steven Feld, wanda ya yi suna da naɗar sautin kurmin Bosavi a Papua New Guinea, ya yi shekaru yana aiki a garin nan. Ya naɗi kukan kwaɗin da ke cikin kwatocin Accra, makaɗi Nii Otoo Annan ya yi kiɗa a kansa, kuma ya naɗi direbobin unguwar La ta Accra masu kiɗan por por da tsofaffin ham na mota a jana'izar 'yan'uwansu direbobi. Shi bai raba sautin halitta da na mutum ba, ya ɗauke su a matsayin zaman wuri ɗaya.

Kurminmu da ake jayayya a kansa shi ne Atewa, kusa da Kyebi. An keɓe shi tun 1926, kuma daga cikinsa kogunan Densu, Birim da Ayensu suke fitowa. Densu shi ne yake cika madatsar Weija, wadda yammacin Accra yake sha daga gare ta. A ƙarƙashin tsaunin akwai boksait, ma'adinin da ake yin alminiyom da shi, kuma tun yarjejeniyar dala biliyan 2 da gwamnati ta ƙulla da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin a 2018 ake fargabar za a haƙa shi. Ƙungiyar kare muhalli ta A Rocha Ghana da wasu sun kai gwamnati kotu a kan haka a 2020. A 2021 masana suka bayyana wani sabon nau'in kwaɗo da ba a san shi a ko'ina ba sai a rafukan Atewa, suka sa masa sunan garin Sagyimase. Ga kuma galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, yana cin gefen kurmin. Idan ana son kurmin da ke kan iyaka sosai, akwai Bia da Ankasa a yamma, kusa da Kodebuwa.

Tambayar Yahaya tana nan tana jiran mu a can. Yaran da ke cikin ramukan galamse, da yawansu daga arewa suke, wasu ma daga zangunanmu, kuma aikin da suke yi laifi ne a doka. Muryarsu a faifai tana iya zama hujja a kansu, alhali mai motar tonon yana zaune a birni.

Hajiya Rabi, Madina

Zainab 'yata, kin yi magana mai kyau. Abdul-Razak, na karɓi iyakar da ka ja, amma har yanzu ina da sauran ja a kan inda nauyin aikin zai faɗa. A cikin wannan kurmi, a wani masauki da ake kira Viskuli a gefen Belarus, shugabannin Rasha da Ukraine da Belarus suka sa hannu ranar 8 ga Disamban 1991 a kan takardar da ta kawo ƙarshen Tarayyar Sobiyet. Akwai itatuwa a wurin da suka girmi wannan daula da wadda ta gabace ta da ɗaruruwan shekaru. Labarai sun riga sun mayar da sunan kurmin sunan rikici, har wanda bai taɓa jin labarin ɓauna ba ya san katanga. Idan mai fasaha shi ma ya cika aikinsa da injuna, ya yi wa kurmin irin abin da labarai suka yi masa. Ni ina son mai sauraro ya daɗe a cikin kurmin tukuna, ya saba da shi har ya fara rarrabe kukan wannan tsuntsu da na wancan, sannan motar sintiri ta shigo a daidai lokacin da ta shigo a gaske, da daidai ƙarfin da ta shigo da shi, ba a ɗaga ta ba, ba a maimaita ta ba. Ƙara wa ƙarar ƙarfi don a girgiza mutane shi ma taɓa shaida ne, kamar goge ta.

Abdul-Razak, Nima

Hajiya, a kan wannan ba mu da saɓani: ba ɗagawa, ba maimaitawa, ba ɗauko ƙarar wata rana a liƙa ta a kan asubar wata rana. Inda zan ci gaba da jayayya da ke shi ne tsawon lokacin da za a ba kowanne, domin a wasu gefunan Atewa ina zaton injin ne yake cika yini, tsuntsu ne baƙo, kuma idan haka na tarar, haka zan bari.

Alhaji Ɗanjuma, Aboabo, Kumasi

To, ga abin da ya shafi tafiyar. Kada ka je da hunturu, lokacin da rafuka suka ja baya. Ka bari sai ruwan farko ya sauka, wajen Afrilu zuwa Mayu, lokacin kwaɗi da ƙwari suke da murya. Ka nemi takardar izini daga hukumar gandun daji, kuma ka gaida sarakunan yankin kafin ka shiga, domin ƙasar Okyenhene ce, babban sarkin Akyem Abuakwa, kakanninmu ma da suka zo fataucin goro ba su taɓa shiga kurmin mutane ba tare da sun gaida masu shi ba. Ka ɗauki ɗan gari mafarauci ya yi maka jagora, ka biya shi da kyau, ka sa sunansa a aikin idan ya yarda. Na'urarka ka ajiye ta a cikin abin da iska ba ta shiga, da shinkafa ɗanya a ƙulle a tsumma, saboda raɓar wurin tana kashe kayan lantarki. Idan ka gama tsarawa, ka fara kai shi Kyebi da Sagyimase su saurara kafin Accra, manoman koko da masu zarto duka, ka ji abin da za su ce ka bari ko ka cire. Kuɗin mota na zuwa da dawowa ni zan biya, kai da Zainab, da Yahaya idan zai bi ku.